Wa Za a Faɗa Wa? Kukan Zuci Tsakanin Tabarma, Salula da Ɗakin Likita a Ƙasar Gidan Sori

Tun daga shekarar 2019 ƙauyukan bakin iyaka na gundumar Gidan Rumji, a jihar Maraɗi, suka saba da sallamar tsakar dare. Mutane ne daga ƙasar Sabon Birni da Isa da sauran garuruwan Sakkwato da Zamfara da Katsina, sun tsero wa 'yan bindiga, wasu da goyo a baya, wasu ko takalmi babu. A watan Mayun 2019 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, HCR, ta ce kimanin mutum 20,000 sun tsallako. Kafin ƙarshen Satumba adadin ya haura 40,000, mafi yawansu mata da yara. Ƙaramar hukumar Gidan Sori, da ke yamma da birnin Maraɗi, tana cikin wuraren da suka shimfiɗa musu tabarma. Ba baƙi ba ne can can: harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, ga auratayya tun kaka da kakanni. Daga baya aka kwashe wasu zuwa nesa da iyaka, Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Su kuwa 'yan bindigar iyaka ba ta tare su ba. Sun riƙa tsallakowa suna kore shanu, suna ɗaukar mutane don kuɗin fansa, har masu masaukin ma barci ya ƙaurace musu.

Buhun hatsi ana iya ƙidaya shi, haka tamfol da rijiya da allurar rigakafi. Abin da matar da aka kashe mijinta a gabanta take ɗauke da shi a ƙirji ba ya hawa sikeli. Duk da haka masana sun gwada kintatawa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani nazari a mujallar likitoci ta Lancet, inda ta ce a wuraren da ake tashin hankali kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, tun daga baƙin ciki mai kwantar da mutum da fargabar da ba ta sakin zuciya, har zuwa taɓin hankali.

Kuma ba sai an yi harbi ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasar Nijar na 2012 ya nuna cewa a jihar Maraɗi mace kan haifi 'ya'ya fiye da takwas a rayuwarta, kuma kusan tara cikin goma na mata an ɗaura musu aure kafin su cika shekara 18. A ƙara da miji da ya tafi ci-rani Kano ko Agadas ko Libiya ya bar rumbu rabi, da kishiya, da uwar miji, da ɗan da ya rasu a goye, da damina da ta yanke hatsi na bunni. Maza ma ba su tsira ba: magidanci da ya sayar da gonar gado don ya fanso ƙanensa, saurayi da ya dawo daga biɗa hannu wofi yana jin nauyin haɗa ido da tsohuwarsa. Kowannensu yana da magana a ciki. Tambayar ita ce wa zai faɗa wa, kuma in ya faɗa, me zai samu.

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba

Da wannan karin maganar aka raine mu. Ɗan halak ba ya tallar asirin gidansu, mace ta gari ba ta kai ƙarar mijinta waje, namiji ba ya kuka. Wadda ta gaza ta buɗe baki a gaban uwarta, amsar da za ta fara ji ba ta wuce, “Ki yi haƙuri, ɗiyata, kowa da irin tasa. Mu ma haka muka zauna.” Ba na raina wannan amsa. Haƙurin nan ne ya riƙe gidaje a yunwar 2005, shi ya sa mutanen da su kansu ba su ƙoshi ba suka raba fura da 'yan gudun hijira. Sai dai sau da yawa ana faɗarsa tun mai maganar ba ta kai aya ba. An rufe mata baki da kalma mai daɗi, ta tashi da kayanta yadda ta zo da su.

Amma kuskure ne a ce Bahaushe bai san amayar da baƙin ciki ba sai da Bature ya zo da kujera da littafin rubutu. Al'adar da ta hana faɗa ita ce kuma ta bar ƙofofi a buɗe. Akwai aminiya, wadda ake kulle ɗaki da ita. Akwai bakin rijiya da hanyar itace, inda zance ke fita ba namiji kusa. Akwai waƙar daka da ta niƙa, inda mace kan yi wa kishiya ko uwar miji habaici gida duka na ji, kuma ba mai ikon cewa da shi ake. Akwai yaji: ta tattara ta tafi gidansu, sai an yi biko, kuma wurin bikon dole manya su zauna su ji me ya fitar da ita. Wannan shari'a ce ƙarama wadda al'ada ta tanadar wa wadda ba ta da murya. Samari kuma suna da fada, inda ake dafa shayi ana hira har dare ya raba. Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana nazarin rayuwar Nijar, ta rubuta littafi sukutum a kan fada a 2019, ta nuna yadda take zame wa matasa marasa aiki gida na biyu. Sai dai a fada ana ba'a ne da gardamar ƙwallo da siyasa. Wanda ya ce tsoro ya hana shi barci, abin dariya ya samu har mako ya zagayo.

Sai bori. A wannan yanki ba ƙaramin abu ba ne. A fadar Gobir da ke Tibiri, cikin gundumar Gidan Rumji ɗin nan, Inna ce shugabar 'yan bori, a fadar Katsinan Maraɗi kuma Iya. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta zauna da 'yan bori na kwarin Maraɗi, ta fitar da littafi a kansu a 1972. Abin da ya kamata a lura da shi a nan shi ne me girka, wato shigar da mutum bori, take yi wa mace mai ciwon da aka rasa kansa. Ana ɗauke ta daga aikin gida kwanaki, ana kula da ita, ana ba ciwonta suna, ana ɗora laifin a kan iska ba a kanta ba, miji da dangi su buɗe aljihu, sannan ta fito tana da ƙungiyar mata da za su tsaya mata. Wa'azi ya ja da bori baya ƙwarai, musamman bayan da Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yi ƙarfi a Maraɗi. Ba kiran a koma gare shi nake yi ba, kuma mafi yawan mutanen Gidan Sori ba za su so haka ba. Amma buƙatar da yake biya tana nan daram. Yau rukiyya da tofi da rubutun sha suka ɗauki wani sashe na aikin. Malamin kirki yakan yi fiye da karatu: yakan saurara, ya kira miji ya yi masa nasiha. Wani kuma yana jin “barci ba ya ɗaukata, malam” sai ya ce aljani ne ko sammu, ya yanka kuɗi, ya bar mace tana zargin maƙwabciyarta.

Addinin ma bai ce a haɗiye komai ba. Suratul Mujadala ta sauka ne a kan Khaula bint Sa'alaba, matar da ta kai kukan mijinta gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta yi ta maimaitawa ba ta gaji ba, kuma aka saurare ta. Masu cewa kai kuka rashin tawakkali ne, ya kamata su sake duba wannan.

“Don Allah a ɓoye sunana”

Salula ta buɗe wata ƙofa da kakanninmu ba su san ta ba. A ƙasar da manya masu iya karatu da rubutu ba su kai rabi ba, saƙon murya na WhatsApp ya fi alƙalami tasiri nesa ba kusa ba. Mace ta danna, ta yi magana minti biyar tana shessheka, ta tura. Wa ta tura wa? Wani lokaci yayarta da ke aure a Tasawa ko Katsina. Wani lokaci zauren matan unguwa, ko na tsofaffin 'yan makaranta, ko na 'yan garinsu mazauna birni. Wani lokaci kuma ɗaya daga cikin shafukan nan na Facebook da TikTok da ake tura wa matsalar aure a karanta wa duniya, dubban mutane su yi sharhi. Kusan kullum da jimla ɗaya ake farawa: don Allah a ɓoye sunana.

Rediyo ya riga salula a wannan aiki. Tashoshi masu zaman kansu irin su Anfani, da gidajen rediyon karkara, da shirye-shiryen Studio Kalangou da aka fara a 2016 cikin Hausa da sauran harsunan ƙasa, sun koya wa talaka cewa muryarsa ma tana iya fita ta akwati. Masu alƙalami kuma sun daɗe a kai. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta zuba irin wannan ɗaci a littattafanta, mata suka karanta daga Kano har Maraɗi suka ga kansu a ciki. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta buɗe wa mata a 2016 ta nuna yawan labaran da ke kwance a ɗakuna suna jiran hanya.

Me mutum yake samu a wannan kasuwa da bai samu a gida ba? Na farko, shaida. Wanda aka zalunta yana son a ce masa, “Gaskiya ne, an cuce ka.” Dangi ba sa iya faɗar haka ko da sun gani, domin wanda ya yi cutar ɗan'uwa ne ko suruki, kuma gobe za a haɗu wurin suna. Baƙon da ke Yamai ko Kaduna ba shi da wannan ɗaurin. Na biyu, salula ba ta barci. Ƙarfe biyu na dare, lokacin da tunani ya fi cizo, aminiya tana ɗakin mijinta, amma a waya ba a rasa wanda idonsa biyu. Na uku, mace takan ji wata ta ba da labari irin nata sak, ta gane ba ita kaɗai ba ce, ba kuma baƙin jininta ba ne. Kuma wani sa'in kukan yakan haifar da abu: a yi karo-karo a biya kuɗin magani, ko labarin ƙauyen da aka kai wa hari ya kai kunnen hukuma kafin takarda ta kai.

Wannan na ƙarshe ina ba shi muhimmanci. Akwai kukan da bai kamata a kai shi ɗakin sirri a rarrashe shi ba. Mutumin da aka kore wa shanu, ko aka karɓi kuɗin fansa aka kuma kashe masa ɗa, ba wai ba shi da lafiya ne kawai ba, an zalunce shi ne, kuma zalunci a bainar jama'a ake faɗarsa.

Amma magana zarar bunu ce. A ƙauye ɓoye suna ba ya ɓoye kowa. Murya kaɗai ta isa. In an ce mace mai 'ya'ya biyar wadda mijinta ke Libiya, kishiyarta kuma 'yar ƙanen maigari ce, yaro ma ya san gidan. Saƙon da aka tura wa mutum ɗaya da dare, kafin azahar ya zaga zaure goma. Salular kanta sau da yawa ba ta mace ba ce ita kaɗai: ta miji ce, ko ɗanta ne ke buɗe mata, ko tana yini a shagon mai caji inda hannuwa da yawa ke taɓa ta. Abin da ta faɗa cikin zafin rai yana nan ajiye bayan an shirya, ranar wata rigima a kunna mata shi a gaban iyaye. A bakin iyaka haɗarin ya wuce na saki. Kowa ya san 'yan bindiga suna da masu kai musu rahoto, don haka wanda ya ambaci suna ko ya faɗi nawa aka biya yana iya jawo wa gidansu wata ziyarar. Ga kuma doka. Nijar ta kafa dokar laifukan intanet a 2019. A 2022 aka cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi, a watan Yunin 2024 gwamnatin soja ta mayar da shi. Wanda ya zazzage fushinsa a kan wani mai muƙami yana iya kwana a kurkuku.

Su kuma masu sauraron, ba su ɗauki alkawarin komai ba. Wannan ya ce ki fita ki bar shi, wancan ya ce ke ce marar tarbiyya, wata ta tallata maganin mallaka, wani ya sa hoton dariya. Ba wanda zai dawo bayan mako ya tambaya yaya aka kwana. Su kuma manhajojin, abin da ya fi tayar da hankali shi suke turawa gaba, saboda haka labari mai zafi ya fi yawo, mai ba da shi kuma ya koyi ƙara gishiri.

Faɗa kaɗai tana warkarwa?

Mun saba cewa in ka amayar ka huta. Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan zance, abin da suka samu kuma ya fi haka sarƙaƙiya. A 1986 James Pennebaker a Amurka ya sa ɗalibai su rubuta abin da ya fi ƙona musu rai, minti 15 kullum har kwana huɗu. Waɗanda suka rubuta abin da ya faru haɗe da yadda suka ji sun rage zuwa asibiti a watannin da suka biyo baya. Gwaje-gwajen baya sun nuna amfanin yana nan amma ba mai yawa ba ne. Abin lura shi ne rubutun nan ba a baza shi a kasuwa ba. Amfanin ya zo ne daga tsara abin da ya hargitse a kai, a ba shi farko da tsakiya da ƙarshe.

Bernard Rimé, wani masani ɗan Beljiyam, ya shafe shekaru yana bin yadda mutane ke ba da labarin abin da ya girgiza su. Ya ga kusan kowa yana faɗa wa wani, kuma yana jin sanyi a lokacin, amma yawan faɗar kaɗai ba ya rage zafin abin idan aka sake tuna shi. Sauƙi mai ɗorewa yakan zo ne in hirar ta sa mutum ya kalli lamarin ta wata fuska. Brad Bushman kuma a 2002 ya nuna cewa waɗanda aka fusata aka ce su huce a kan buhun dambe suna tuna wanda ya ɓata musu rai, fushinsu ƙaruwa ya yi. A shekarar dai Amanda Rose ta bayyana yadda ƙawaye biyu kan yi ta juya matsala ɗaya kullum ba tare da neman mafita ba: amincinsu na ƙaruwa, damuwarsu ma na ƙaruwa. Duk wanda ya taɓa zama a zauren WhatsApp da ake kwana ana tura hotunan gawa da kukan marayu ya san wannan ba sai an faɗa masa ba.

Akwai darasi ma ga masu agaji. An taɓa yayin tara waɗanda bala'i ya faɗa wa, a sa kowa ya ba da labarin abin da ya gani dalla-dalla a zama ɗaya. Bincike ya nuna hakan ba ya hana ciwon firgici, wasu ma yana ƙara musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina. Jagorar da ta fitar a 2011 ta ce a fara da tsaro da ruwa da abinci da haɗa mutum da danginsa, a saurare shi in yana son magana, kada a matsa masa. Tsohuwar da ta zauna kusa da mai takaba ta yi shiru tana mata fifita, ashe ba ta yi kuskure ba.

Ɗakin da babu shi

Me ƙwararre yake yi da aminiya ko jama'ar waya ba sa yi? Yana riƙe sirri, kuma aikinsa ne ya riƙe. Ba shi da ɓangare a rigimar gidan. Yana dawowa: an yi da shi ranar Talata, Talata za a same shi, kuma zai tuna inda aka tsaya. Yana da hanya: a ware matsalar da za a iya taɓawa daga wadda ba a iya taɓawa, a zaɓi abu ɗaya a gwada cikin mako, a koyi saisaita numfashi in ƙirji ya ɗauki bugu, a koma ga ayyukan da baƙin ciki ya sa aka bari. Mafi girma, ya san lokacin da baƙin ciki ya tashi daga na kowa ya zama ciwo. Mai jegon da ta daina shayar da jaririnta tana kallon bango, saurayin da ya fara jin muryoyi bayan ya daɗe yana shan tiramol, dattijon da ya ce da ma ya kwanta kada ya tashi, waɗannan ba sharhin Facebook suke buƙata ba, ba kuma “sai haƙuri” ba.

To amma ina ƙwararren yake? Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta nuna a Afirka ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa ba su kai biyu ba ga kowane mutum 100,000, alhali matsakaicin duniya 13 ne. A Nijar 'yan kaɗan ɗin da ake da su sun taru a manyan birane, kuma sunan da kowa ya sani shi ne Pavillon E na babban asibitin ƙasa da ke Yamai, fiye da kilomita 600 daga Maraɗi. A tsallaken iyaka akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Kware kusa da Sakkwato, da na Dawanau a Kano. Duka sunaye ne da ake tsokanar mutum da su. Iyali ba sa kai nasu can sai ya fara duka ko tsiraici, bayan an gama da malamai da bokaye, wani lokaci da mari a ƙafa. Wadda ciwonta shiru ne ba mai kai ta ko'ina. In ta samu kuɗin kabu-kabu ta je likitar ƙauye, abin da za ta ce shi ne, “Kaina ke ciwo, zuciyata na bugawa, jikina duk ya mutu.” Ma'aikacin da layin masu zazzaɓi da masu awon ciki ke jiransa a waje zai auna jininta, ya ba ta maganin ciwon kai. Bayan wata ɗaya ta dawo da magana ɗaya. Ƙungiyoyin agaji sun kawo masu ba da shawara a wuraren 'yan gudun hijira, kuma sun yi aiki, amma zamansu yana rataye ne da kuɗin shiri. Ranar da kuɗin ya ƙare, mota ta tafi.

Saboda haka cewa mutumin Gidan Sori ya zaɓa tsakanin ƙwararre da salula zance ne na wanda ya ƙoshi. Ɗaya tana aljihunsa, ɗayan yana Yamai.

Afirka ta daɗe da sanin cewa jiran likitoci su wadata ba zai yi ba. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abekuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, har yana aiki tare da masu maganin gargajiya. A asibitin Fann na Dakar, Henri Collomb ya mayar da zaman da'ira irin na dandalin ƙauye wani ɓangare na magani. Misali mafi kusa da halinmu shi ne na Zimbabuwe. Dokta Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata, kakanni, yadda ake sauraro da warware matsala mataki-mataki, ya zaunar da su a benci a harabar ƙananan asibitocin Harare. A gwajin da aka buga a mujallar JAMA a 2016, bayan wata shida kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da kakannin ne ke da sauran alamun baƙin ciki mai tsanani, alhali a rukunin da bai zauna da su ba kusan rabi ne. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin mhGAP tun 2008, mai koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane waɗannan larurori, da wani tsari na zama biyar da ake kira PM+, wanda mutumin da ba likita ba zai iya gudanarwa, an kuma gwada shi a Peshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya.

Jihar Maraɗi ba ta rasa inda za a dasa irin wannan ba. A nan ne ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a 1991, asusun da mata ke haɗuwa kowane mako su zuba, su ranta wa juna, tsarin da daga baya ƙasashe da dama suka kwafa. Matan nan sun riga sun iya riƙe akwati da amanar kuɗi, sun san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Akwai ungozoma, wadda ta ga abin da miji ma bai gani ba. Akwai malaman Islamiyya mata, da masu faɗakarwar lafiya na ƙauyuka, da limamai da ake tsayarwa bayan sallar asuba a ce, “Malam, ina da magana.” A ganina a nan ya kamata gwamnati da masu agaji su sa kuɗinsu: a zaɓi waɗanda gari ya riga ya yarda da bakinsu, a horar da su, a ba su ɗan alawus, a haɗa su da ma'aikacin lafiya mai duba aikinsu, a kuma tabbata akwai magani da hanyar tura mai tsanani zuwa Maraɗi. Salular ma tana da wuri a ciki. Matar da ke kulle, ko wadda hanyar garinsu ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, tana iya kiran mutum ɗaya da aka horar, maimakon ta tura muryarta ga mutum dubu.

Wuyar aikin ba a horon take ba. A Harare kakar da ke kan benci tana iya zama baƙuwa ga mai zuwa wurinta. A ƙauyen ƙasar Gidan Sori kuwa gwaggon mijinta ce, ko uwar kishiyarta, ko wadda suke haɗuwa a rijiya kullum. Shi ya sa wasu matan za su fi sakin jiki da mai sauraro daga ƙauyen gaba, kuma tsarin ya kamata ya ba su wannan zaɓi. Zaman ma kada a yi shi a ɗakin da duk wanda ya shiga an san abin da ya kai shi. A saka shi cikin awon ciki da awon yara da taron asusu. Mai sauraron da ta fitar da magana ko sau ɗaya ce a sauke ta, ko 'yar wace ce, kuma maigari da liman su san da wannan sharaɗi tun ranar da aka naɗa ta. Maza kuma a nemo musu nasu daga cikin waɗanda suke jin nauyi, domin magidancin da ya sayar da gona ya fanso ƙanensa ba zai je taron asusun mata ba, ba kuma zai buɗe baki a fada ba.